Tiger Woods daga 1991 zuwa 2001: zakaran da ya rushe bugunsa yana tsaka da cin kofi

A watan Afrilun 1997 Tiger Woods ya ci gasar ƙwallon lambu (golf) ta Masters a filin Augusta da ke jihar Jojiya ta Amurka da tazarar bugu 12, yana ɗan shekara 21. Ba a taɓa cin gasar da rata irin wannan ba. Da hayaniya ta lafa, ya zauna ya kalli bidiyon wasan nasa, sannan ya gaya wa kocinsa Butch Harmon cewa yana son a sauya yadda yake kaɗa sanda. Wannan shawarar ita ce ta raba hawansa gida biyu. Abin da ya zo kafinta ya nuna yadda yaro mai baiwa yake shiga sahun ƙwararru, abin da ya biyo bayanta kuma ya nuna yadda ake zama a sama a daɗe.

Ga wanda bai saba da ƙwallon lambu ba, lissafin a taƙaice shi ne: fili yana da ramuka 18, kowane rami da adadin bugun da aka ƙayyade masa, uku ko huɗu ko biyar. Jimillar ƙa'idar fili takan kama daga 70 zuwa 72. Gasar ƙwararru kwana huɗu ce, ramuka 72, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Bayan kwana biyu ana yin tankaɗe, kusan rabin 'yan wasan su koma gida ba ko sisi. Manyan gasa huɗu ne a shekara: Masters, US Open, Open ta Birtaniya da PGA Championship.

Tushe

An haifi Woods ranar 30 ga Disamba 1975 a Cypress, jihar Kalifoniya. Mahaifinsa Earl tsohon laftanar-kanar ne na sojan Amurka, mahaifiyarsa Kultida kuma 'yar ƙasar Tailan ce. Earl ya koya masa wasan daga rami zuwa baya: gangara ƙwallo cikin rami tukuna, sai gajeren bugu daga gefen koriyar ciyawar da ke kewaye da ramin, sannan dogon bugu a ƙarshe. Yawancin masu koyo akasin haka suke yi, su ƙare lokacinsu wajen neman nisa, alhali kusan kashi 40 cikin 100 na bugun ɗan wasa a zagaye guda da sandar gangarawa ake yin sa.

Earl bai riƙe koyarwar shi kaɗai ba. Rudy Duran ya karɓi yaron yana da kimanin shekara huɗu, John Anselmo ya ɗora daga shekara goma, sai Harmon daga 1993. Akwai kuma Jay Brunza, masanin halayyar ɗan Adam daga sojan ruwa, wanda ya horar da shi kan tattara hankali, har ya riƙa ɗaukar masa jaka a gasannin 'yan sha'awa, wato waɗanda ba su zama ƙwararru masu buga wasa don kuɗi ba. Uban da kansa yakan kaɗa sulalla a aljihu, ko ya yi tari, ko ya yar da jaka daidai lokacin da yaron ya ɗaga sanda, don ya saba da bugu cikin tashin hankali.

Kofuna shida, da abin da suka ɓoye

Daga 1991 zuwa 1993 ya ci US Junior Amateur sau uku a jere, na farkon yana ɗan shekara 15. Daga 1994 zuwa 1996 ya ci US Amateur, ita ma sau uku a jere, abin da ba wanda ya taɓa yi. A 1996 ya haɗa da kofin ɗan wasa ɗaya na jami'o'in Amurka yana ɗalibi a Stanford.

Tsarin waɗannan gasanni yana da muhimmanci. Ana fara tace 'yan wasa da ƙidayar bugu a ramuka 36, a bar mutum 64, daga nan sai wasan gaba-da-gaba: mutum biyu, ana lissafin rami-rami, wanda ya faɗi ya fita. Sai an ci wasa shida kafin a ɗauki kofi, wasan ƙarshe na US Amateur kuma ramuka 36 ne. A wasan ƙarshe na 1994, a filin Sawgrass, Trip Kuehne ya ba shi ratar ramuka shida, ya kamo shi ya wuce. A na 1996, a filin Pumpkin Ridge, Steve Scott yana gaba da ramuka biyar bayan zagayen safe, yana kuma gaba da biyu saura ramuka uku. A rami na 34 Woods ya matsar da alamar ƙwallonsa gefe don ta fita daga hanyar Scott, ya kusa bugawa bai mayar da ita wurinta ba. Scott ne ya tuna masa. Da ya yi shiru, doka za ta ba shi ramin da kofin gaba ɗaya. Woods ya ci ramin, ya ci na gaba da doguwar gangarawa, ya ƙare wasan a rami na 38.

Wasan gaba-da-gaba yana gina zuciya, amma yana rufa wa ɗan wasa asiri. Idan ka yi bugu takwas a ramin da ƙa'idarsa huɗu, rami ɗaya kawai ka rasa, gaba kuma sabon lissafi ne. A ƙidayar bugu, bugu huɗun nan da suka ƙaru za su bi ka har ranar Lahadi. Shi ya sa sakamakonsa a cikin ƙwararru a waɗannan shekarun bai yi kama da na gwanin da ake yayatawa ba. Ya fara buga gasar PGA Tour, babban jerin gasannin ƙwararru na Amurka, a 1992 a filin Riviera da ke Los Angeles yana da shekara 16, ya yi 72 da 75, bai tsallake tankaɗe ba. Gasanni bakwai na farko da ya shiga a PGA Tour duk haka suka ƙare. A Masters ta 1995 ya tsallake, ya ƙare cikin masu matsayi na 41, kuma matsalarsa a bayyane take: dogon bugunsa ya wuce na kowa, amma gajerun sandunan ƙarfensa suna wuce rami su faɗa baya, domin bai iya auna nisan da kowace sanda za ta kai ba. A Masters ta 1996 bai ma tsallake ba. Sai a watan Yulin 1996, a Royal Lytham da ke Ingila, inda ya yi 66 a zagaye na biyu na Open ya ƙare cikin masu matsayi na 22 da jimillar 281, aka ga alamar cewa wasansa ya fara jure kwana huɗu.

Ƙofar shiga: gayyata bakwai

Ya koma ƙwararre a ƙarshen watan Agustan 1996, kwanaki kaɗan bayan Pumpkin Ridge, ya bar jami'a bayan shekara biyu. An ruwaito cewa kwangilarsa da Nike ta kai dala miliyan 40 a shekara biyar, ta Titleist, kamfanin kayan wasan ƙwallon lambu, kuma dala miliyan 20. Kuɗin talla ba ya sayen gurbi a PGA Tour. A lokacin, wanda ba mamba ba yana da gayyatar masu ɗaukar nauyin gasa guda bakwai kacal a shekara. Cikin waɗannan ne zai tara kuɗin da zai sa shi cikin mutum 125 na farko a jerin masu samu, ko ya ci gasa guda. In ba haka ba, sai ya tafi gasar neman gurbi ta ƙarshen shekara, inda mako guda mara kyau yake cinye wa mutum shekara.

A Milwaukee ya ƙare cikin masu matsayi na 60, ya samu dala 2,544. A Kanada ya zo na 11. A Quad City yana kan gaba kafin ranar ƙarshe, sai ya yi bugu takwas a rami na huɗu, ya kuma gangara sau huɗu a wani ramin, Ed Fiori, ɗan shekara 43, ya ɗauke kofin. Tsohuwar cutar ce ta wasan gaba-da-gaba: kai farmaki a inda ya kamata a ja da baya a karɓi asarar bugu ɗaya. Mako na gaba ya ƙare cikin masu matsayi na uku a B.C. Open. Daga nan ya janye daga Buick Challenge yana cewa ya gaji, ya kuma ƙi halartar liyafar da aka shirya don ba shi lambar yabo ta gwarzon jami'o'i. Ya sha suka a kan haka, sukar kuma ta dace, domin gurbin gayyatar da ya bari wani yana nema ruwa a jallo.

A gasarsa ta biyar, Las Vegas Invitational, ya doke Davis Love III a wasan raba gardama. Cin gasa yana ba da gurbi na shekara biyu, don haka maganar neman gurbi ta mutu a nan. Bayan mako biyu ya ci ta Disney. Gasa takwas, dala 790,594, matsayi na 24 a jerin masu samun kuɗi na shekarar baki ɗaya.

Augusta 1997

Ramuka tara na farko ya yi su da bugu 40, huɗu sama da ƙa'ida. Yana wuce gona da iri wajen mayar da sanda baya. Ya gajarta, ya yi taran ƙarshe da 30. Sakamakon kwana huɗun: 70, 66, 65, 69, jimilla 270, ƙasa da ƙa'ida da bugu 18. Tom Kite ne ya zo na biyu.

Filin ya zo masa daidai. Tsawonsa a lokacin yadi 6,925, hanyoyinsa masu faɗi, babu doguwar ciyawa a gefe da za ta hukunta wanda ya kauce. Bugunsa na farko yana kaiwa kimanin yadi 323. A rami na 15, wanda ƙa'idarsa biyar, gajeriyar sanda yake ɗauka a bugu na biyu, inda sauran suke ɗaukar dogaye ko su ajiye ƙwallo kafin ruwa. A ramukan da ƙa'idarsu biyar kaɗai ya rage bugu 13. Bai gangara sau uku a rami ko ɗaya ba duk makon, a filin da santsin ciyawarsa ke kunyata manya. Shi ne baƙar fata na farko da ya ci babbar gasa, shekara 22 bayan da Lee Elder ya zama baƙar fata na farko da ya buga Masters a 1975. A watan Yuni ya zama na ɗaya a duniya, makonni 42 bayan zamansa ƙwararre.

Sauran manyan gasa uku na shekarar ne suka fito da gaskiya. Ya ƙare cikin masu matsayi na 19 a US Open, na 24 a Open, na 29 a PGA. A Troon, inda aka buga Open ɗin, ya yi 64 a zagaye na uku, amma ramuka uku da ya zubar da bugu uku-uku ko huɗu a cikinsu suka cinye ribar. Inda hanya ta tsuke kuma ciyawar gefe ta yi tsawo, ƙarfi kaɗai bai wadatar ba.

Abin da ke damun bugun

Ga mai bugu da dama kamar Woods, a ƙololuwar ɗaga sanda ana son sandar ta nuna wajen da ake hari, fuskarta kuma ta daidaita da bayan hannun hagu. Tasa takan ƙetare layin ta nuna dama, fuskar kuma a rufe, tana kallon sama fiye da kima. Da ya fara saukowa, ƙugunsa yana juyawa da saurin da hannuwa ba za su iya bi ba, sai sandar ta maƙale a bayansa. Daga nan abu biyu ne: ko ya bar ta haka ƙwallon ta tafi dama, ko ya murɗa wuyan hannu a daƙiƙar ƙarshe don ya daidaita fuskar. Idan murɗawar ta zo daidai, ƙwallo ta tafi sak, ta kuma yi nisa. Idan ta yi sauri kaɗan, ta lanƙwasa hagu ta shige daji. Rufaffiyar fuska kuma tana rage kwanciyar bakin sanda, shi ya sa sanda guda takan ba shi nisa daban-daban daga bugu zuwa bugu. A Augusta lokacin hannunsa ya zo daidai kwana uku da rabi. Abin da ya gani a bidiyo shi ne ba za a iya dogara da hakan mako ashirin a shekara ba.

Gyaran da Harmon ya tsara yana da sassa da suka dogara da juna. An ɗan sassauta riƙon hannun hagu don fuskar sanda ta daina rufewa. An faɗaɗa yadda yake janye sandar daga ƙwallo, hannuwa nesa da jiki, kan sandar yana gaban hannuwa. An gajarta ɗagawar don sandar ta tsaya kafin ta ƙetare layi. An rage saurin ƙugu a farkon saukowa don hannuwa su sauko a gaban ƙirji, jiki da sanda su iso tare. Sai aikin ɗaga ƙarfe, domin riƙe sanda a sabon matsayin yana buƙatar ƙarfin damtse da kafaɗa da siririn yaron 1996 ba shi da shi. A kan wannan aka gina bugun rabi da na kashi uku cikin huɗu da gajerun sanduna, da kuma bugun nan na ƙasa-ƙasa da sandar ƙarfe mai lamba biyu, wanda ke ratsa iska ya faɗi ya yi ta gudu a kan hanya.

Harmon ya ba da shawarar a yi gyaran kaɗan-kaɗan. Woods ya zaɓi a yi shi gaba ɗaya, yana kuma ci gaba da shiga gasa. Mutane da yawa sun ga kamar mai rushe ɗakin da bai taɓa yoyo ba. Wahalar ita ce sabon motsi yakan zauna a filin atisaye tun kafin ya zauna a gasa. Da matsi ya zo, jiki sai ya koma tsohon saurinsa alhali hannu yana riƙe da sabon tsari, sakamakon kuma ya fi na dā muni.

A 1998 gasa ɗaya ya ci a PGA Tour, BellSouth Classic. Masu kallon kofi kawai suka ce ya faɗi. Amma a gasa 20 ya shiga goman farko sau 13, a Open ta Birkdale kuma bugu ɗaya ya hana shi shiga raba gardama. Mummunar ranarsa ta fara gyaruwa kafin kyakkyawar ta dawo, wannan kuma shi ne abin da aka je nema. Duk da haka David Duval ya karɓe matsayi na ɗaya a watan Maris na 1999.

A wannan tsakanin ya sauya mutanen da ke kewaye da shi. Mark Steinberg ya maye gurbin wakilinsa Hughes Norton. A farkon 1999 ya rabu da mai ɗaukar masa jaka Mike Cowan ya ɗauko Steve Williams, ɗan Niyu Zilan. A watan Mayu ya fara amfani da sandar gangarawa ƙirar Scotty Cameron, wadda ya ci manyan gasa 14 cikin 15 ɗinsa da ita. A watan Oktoba aka yi masa aikin ido da hasken lesa. Tun daga Mayun nan bugun ya zauna: ya ƙare 1999 da kofuna takwas a PGA Tour, har da PGA Championship a Medinah, inda ya tsere wa Sergio Garcia ɗan shekara 19 da bugu ɗaya.

2000

Akwai wani sauyi da ba a cika ambata ba. A watan Mayun 2000, a wata gasa a Jamus, ya bar ƙwallon da aka naɗe cikinta da zaren roba, wadda yawancin ƙwararru ke bugawa, ya koma ta Nike mai dunƙulallen ciki da laushin fata. Irin wannan ƙwallo ba ta juyawa da yawa idan an buga ta da doguwar sanda, don haka iska ba ta cika ɗauke ta ba, amma tana kama ciyawa a gajeren bugu. Sai a watan Oktoba Titleist ta fito da irin wannan ƙwallo tata, Pro V1, ga ƙwararru. Manyan gasa uku na bazarar sun faɗo cikin wannan giɓin.

A US Open ta Pebble Beach ya yi 65, 69, 71, 67, ƙasa da ƙa'ida da 12. Ernie Els da Miguel Angel Jimenez, da suka zo na biyu, suna sama da ƙa'ida da uku. Ratar bugu 15 ita ce mafi girma a tarihin manyan gasa. A zagaye na uku, cikin iska, ya zubar da bugu uku a rami na uku, ya kuma ƙare ranar da 71. Ɗan wasan 1997 zai bi wannan asara da farmaki, ya ƙara wata. Saura ƙiris kuma komai ya watse a kan sakaci: da safiyar Asabar, suna ƙarasa zagaye na biyu, ya buga ƙwallo cikin teku a rami na 18, Williams ya duba jaka ya tarar saura ƙwallo ɗaya, domin an manta wasu a ɗakin otal. Bai gaya masa ba sai daga baya.

A Open ta St Andrews da ke Sikotilan ya yi 269, ƙasa da ƙa'ida da 19, ya ci da tazarar takwas, bai faɗa ko ɗaya daga cikin ramukan yashi 112 na filin ba a kwana huɗu. Wannan aikin auna nisa ne da zaɓen inda za a ajiye ƙwallo, ainihin abin da ya rasa a 1995. Da wannan ya haɗa manyan gasa huɗun yana da shekara 24, mutum na biyar bayan Gene Sarazen, Ben Hogan, Gary Player da Jack Nicklaus. A PGA ta Valhalla, Bob May ya riƙe masa wuya har ƙarshe, suka yi kunnen doki a ƙasa da ƙa'ida da 18, ya ci a raba gardama na ramuka uku. A nan tsohon horon wasan gaba-da-gaba ya biya.

Alƙaluman shekarar sun fi kofuna tara da ya ci a PGA Tour bayani. Bugunsa na farko yana kaiwa kimanin yadi 298, yana sauka a kan hanya fiye da kashi 70 cikin 100. Yana isa koriyar rami cikin bugun da ake sa rai kashi 75 cikin 100, fiye da kowa. Matsakaicin bugunsa a zagaye 68.17. Daga 1998 zuwa Mayun 2005 ya jera gasa 142 ba a tankaɗe shi ba, ya goge tarihin 113 na Byron Nelson. A Afrilun 2001 ya ci Masters da tazarar biyu a kan Duval, manyan kofuna huɗun suka haɗu a hannunsa lokaci guda.

Wani abu guda gyaran bai taɓa ba. Idan yana neman ƙarin nisa, yakan miƙe ƙafar hagu da ƙarfi daidai lokacin da sanda ta haɗu da ƙwallo, nauyin juyin duka ya sauka a kan gwiwar da aka riga aka yi wa aiki a 1994 don cire wani ƙari. Augusta ta ƙara wa filinta kusan yadi 300 kafin gasar 2002, ya sake ci, ya haɗa da US Open. A Disambar shekarar aka sake buɗe gwiwar. Ya rabu da Harmon, daga 2004 kuma ya fara gina wani bugun tare da Hank Haney. Manyan gasa goma suka wuce bai ci ko ɗaya ba, daga bayan US Open ta 2002 har zuwa Masters ta 2005, a watan Satumban 2004 kuma Vijay Singh ya karɓe matsayi na ɗaya bayan Woods ya riƙe shi makonni 264 a jere.